Yadda direban raba kaya a Amurka zai kare aikinsa idan aka tuhume shi da ɓoye hatsari

Wani dare cikin sanyin Disamba mun idar da isha a masallacin unguwarmu a Bronx, ina laluben takalmina sai wani yaro ɗan zangon Kumasi ya riƙo hannun rigata. "Yaya, sun karɓe mini kati da makulli." Shekararsa huɗu yana tuƙi a wani kamfanin raba kaya, ba a taɓa ba shi ko takardar gargaɗi ba. Abin da ya faru kuwa bai taka kara ya karya ba. Layi ne matsattse, an ture dusar ƙanƙara hagu da dama, ya zo wucewa sai ƙugun motarsa ya taɓa madubin wata mota da ke ajiye. Ya sauko, ya ƙwanƙwasa ƙofa, mai motar ya fito suka duba tare, murfin madubin ne kawai ya tsage. Ya zaro 'yan daloli daga aljihu ya miƙa masa, suka yi musafaha, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana uku matar mutumin ta tura wa kamfani bidiyon kyamarar ƙofar gidansu. Da manaja ya kira shi ofis ya tambaye shi ko wani abu ya faru a layin nan ranar Talata, tsoro ya sa ya ce babu.

A gida, daga Sabon Gari har Nima, abin da ya yi da farko shi ne mutunci. Ka gogi motar mutum, ka sauko, a ba juna haƙuri, a je wurin mai gyaran bodi ka biya, magana ta mutu. A nan wannan ɗabi'ar ce take cinye aikin mutanenmu. Ba madubin ya kore shi ba. Shirun da ya yi ne ya kai shi ofis, "babu" ɗin da ya ce kuma ita ta rufe masa ƙofa.

Zan yi misali da yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanin raba kaya na UPS da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, duk da cewa ba can yaron nan yake aiki ba, domin ita ce mafi girma, ta ɗaure ma'aikata wajen 340,000, kuma kowa na iya samun kwafinta ya karanta. Wadda ake aiki da ita yanzu an amince da ita a watan Agustan 2023, za ta ƙare ranar 31 ga Yulin 2028. Sauran kamfanoni masu ƙungiya tsarinsu bai yi nisa da wannan ba.

Da farko ka san takardar da ke riƙe da kai

Tambayar farko: kana da ƙungiya ko ba ka da ita? A duk jihohin Amurka, in ka cire Montana, asalin doka ita ce ubangida na iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya kawo dalili ba, muddin dalilin ba haramtacce ba ne kamar wariyar launi ko addini. Mafi yawan direbobin da ke kai kayan Amazon ba ma'aikatan Amazon ba ne, 'yan kwangila ne suka ɗauke su. Haka da yawa daga masu tuƙa motocin FedEx na ƙasa. Idan kana cikin waɗannan, shawarar kai rahoto da faɗin gaskiya ta shafe ka, amma maganar koke, wato ƙorafin da ƙungiya ke shigarwa don ƙalubalantar hukunci, da kwamitin da ke sauraronsa, ba taka ba ce. Haka wanda yake cikin lokacin gwaji, bai shiga jerin tabbatattun ma'aikata da ake jerawa bisa shekarun aiki ba tukuna, kariyarsa kaɗan ce ko da yana biyan kuɗin ƙungiya.

Idan kana da ƙungiya, ka nemi littafin yarjejeniya yau, kada ka bari sai ranar da ta ɓaci. A UPS littattafai biyu ne: babbar yarjejeniya ta ƙasa baki ɗaya, da ratayen yankinka, wato ƙarin sharuɗɗan da suka shafi yankinku kaɗai. Reshen ƙungiya na 804 a New York yana da nasa ratayen, reshe na 705 a Chicago ma yarjejeniyarsa daban ce. Jerin laifukan kora da adadin kwanakin shigar da koke suna cikin ratayen, saboda haka abin da abokinka na Ohio ya gaya maka ba lallai ya yi aiki a Queens ba.

Abu biyu za ka ja wa layi. Sashe na 18 na babbar yarjejeniya ya ce duk ma'aikacin da ya yi hatsari ya sanar da kamfani nan take. Bai ce babban hatsari ba. Sashe na 7 kuma ya ce wanda aka yanke wa kora ko dakatarwa zai ci gaba da aiki yana karɓar albashinsa har sai an gama sauraron kokensa, sai fa in laifin yana cikin manyan laifukan da ratayen yanki ya lissafa. Waɗannan su ne kaba'irai a wannan sana'a: rashin gaskiya, shan giya ko ƙwaya a bakin aiki, ɗaukar fasinja ba izini, da makamantansu. A ratayen yankin tsakiyar ƙasar, ƙin kai rahoton hatsari yana cikin jerin da sunansa. Inda ma ba a ambace shi ba, sai a shigar da shi ƙarƙashin rashin gaskiya. Ka ga bambancin ke nan. Wanda ya ture akwatin wasiƙu ya buga waya, galibi abin da zai biyo baya shi ne a rubuta cewa hatsarin na iya kaucewa ne, a ba shi takardar gargaɗi, mai duba aiki ya hau mota tare da shi kwana ɗaya. Wanda ya ture akwatin ya wuce, ranar da aka gano za a raka shi har bakin ƙofa.

A wurin da abin ya faru

Ka tsaya. Ka ja birkin hannu, ka kunna fitilun gargaɗi, ka zare makulli. In akwai wanda ya ji rauni, ka kira lambar gaggawa ta 911 kafin kowa. Sannan ka kira ofis.

Kada ka zama alƙalin kanka game da abin da ake kira hatsari. Reshen itace ya karce rufin mota, tayar baya ta hau ciyawar ƙofar gida ta bar rami, ka yi ribas ka taɓa kwandon shara, kare ya shigo ƙarƙashi: duka ka faɗa. Idan manaja ya ce ba komai, ci gaba da aiki, to ya ɗauke maka nauyin, amma ka tabbata akwai alama. Bayan kiran, ka tura saƙo a rubuce ta na'urar hannu ko ta waya, da lokaci da wuri da sunan wanda ka yi magana da shi. Baki yana mantuwa, musamman bakin mutumin da shi ma yake tsoron nasa manyan.

Ka ɗauki hotuna daga nesa da kusa: motarka, abin da ka taɓa, faɗin hanya, inda aka ajiye ɗaya motar, ƙanƙara ko laka in akwai. Ka karɓi suna da lambar duk wanda ya gani. Kada kuɗi su fita daga aljihunka, kada ka yi alkawarin gyara, motar ba taka ba ce kuma inshorar ba taka ba ce. Ka kuma kula da bakinka. Mu mun saba cewa sannu da yi haƙuri ko da ba mu muka yi laifi ba, har wanda ya yi tuntuɓe a gabanmu muna ba shi haƙuri. A nan duk kalmar ban haƙuri za a iya rubuta ta a matsayin ka amsa laifi. Ka tambayi lafiyar mutum, ka ba shi bayanan kamfani, ka tsaya a nan.

In mai motar ba ya kusa, barin wurin ba tare da sanar da kowa ba laifi ne a dokar hanya ta jiha, ban da na kamfani. A New York kuma idan ɓarnar dukiyar mutum ɗaya ta haura dala 1,000, akwai fom MV-104 da direba zai aika wa hukumar motoci cikin kwana 10. Kafin ka tashi aiki ranar, ka cike rahoton hatsari, ka karɓi lambarsa, ka nemi kwafi. Yarjejeniya ta ba ka wannan haƙƙin.

In ka riga ka wuce

Yawanci wanda ke karanta irin wannan rubutu ya riga ya wuce. To, awa nawa aka yi? Idan har yanzu ba a kira ka ba, ka nemi wakilin ƙungiya na wurin aikinku yanzu, ka gaya masa komai, ku shiga ofis tare ka kai rahoto da kanka. Rahoton da ya makara laifi ne, amma wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka kamo ba matsayinsu ɗaya ba a gaban kwamiti. Kada ka zauna kana lissafin ko an gan ka. Kusan kowace ƙofa yanzu akwai kyamara, motar kanta tana rubuta inda ta tsaya da lokacin da ta yi ribas, makanikan dare kuma yana zagaya ta da tocila. Kada ka sayi fenti ka shafe, kada ka koma gidan mutumin ka roƙe shi ya janye. Kowanne daga ciki sabon laifi ne da ya fi na farko.

Ranar da aka ce manaja na nemanka

Wannan ne wurin da ake cin shari'a ko a faɗi, tun kafin a rubuta koke. A 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Weingarten, wadda ta taso daga wata ma'aikaciyar kanti a Texas da aka zarga da biyan dala ɗaya a kan kwalin kaza na kusan dala uku. Ta yi ta roƙon a kira mata wakilin ƙungiya, aka hana ta. Kotu ta ce ma'aikaci mai ƙungiya yana da haƙƙin wakili ya zauna tare da shi a duk tambayoyin binciken da yake da dalilin zaton za su kai ga horo. Sashe na 4 na yarjejeniyar UPS ma ya tabbatar da haka.

Sai dai a dokar ƙasa kai ne za ka nema da bakinka. Ka haddace jimla ɗaya da Turancinka, mai wannan ma'ana: idan wannan magana za ta iya kai ga hukunci a kaina, ina son wakilina ya zo, kuma ba zan amsa tambaya ba sai yana nan. Daga nan manaja zaɓi uku gare shi: ya kira wakilin, ko ya fasa tambayoyin, ko ya ba ka zaɓin ci gaba kai kaɗai. Na ukun kada ka yarda. Kada kuma ka fice daga ofis da fushi, wannan wani laifi ne na ƙin bin umarni. Ka zauna, ka yi shiru, ka maimaita jimlarka.

Ka yi hattara da hirar tsaye. Ba kullum ake kiran mutum ofis ba. Wani lokaci da safe ne kana duba taya, mai duba aiki ya dafa kafaɗarka yana murmushi, "jiya lafiya dai a layin can?" Wannan ma bincike ne. Kuma ka ɗauka cewa duk tambayar da aka yi maka an riga an san amsarta, bidiyon yana cikin kwamfuta a kan tebur. Ba labari ake nema ba, ana auna ko za ka yi ƙarya ne.

Idan wakili ya zo, kana da damar keɓewa da shi kafin a fara. Ka gaya masa gaskiya tsirararta, har da kuɗin da ka bayar in ka bayar. Ba zai iya kare abin da bai sani ba, kuma babu abin da ke karya gwiwar wakili kamar ya ji sabon labari daga bakin manaja. A cikin ɗaki ka amsa abin da aka tambaya kawai, a taƙaice. Abin da ka tuna ka faɗa, abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba, kada ka cike gurbi da zato. Amma "ban tuna ba" a kan abin da bidiyo ya nuna ka sauko kana dubawa, ƙarya ce da ta canza riga.

Idan Turancinka bai zauna ba, ka faɗa tun farko a nemo mai fassara ko abokin aiki da ka yarda da shi. Kada kunya ta sa ka gyaɗa kai ga abin da ba ka gane ba. Kuma ka ɗaga kai ka dubi mai tambaya. Sunkuyar da kai a gaban babba tarbiyya ce a wurinmu, su kuwa suna ganin alamar mai ɓoye wani abu ce.

Takardun da za a turo gabanka

Za a ce ka rubuta bayani. Ka rubuta tare da wakili, gajere, abin da ya faru da lokacinsa, ba tare da "wataƙila" ko "laifina ne" ba, ka ɗauki kwafi. Idan wani ya rubuta aka ce ka sa hannu, ka karanta kowane layi, ka ƙi duk kalmar da ba taka ba. Takardar kora in an miƙo, sa hannu a kanta shaidar karɓa ce kawai, kuma ka rubuta hakan kusa da sunanka.

Takarda ɗaya ce ba za ka taɓa ba: ta ajiye aiki da kanka. Za a kawo ta da taushin murya, a ce gara ka tafi da sunanka fes, kada a rubuta kora a fayil ɗinka. Da zarar ka sa hannu babu koke, babu kwamiti, kuma ka wahalar da kanka wajen neman kuɗin rashin aiki. In ma daga baya ajiye aikin ne mafita, wannan ciniki ne da jami'in reshe zai yi maka a kan tebur, ba kai kaɗai ba da zuciya tana bugawa.

Shigar da koke, da tara hujja

Kwanakin shigar da koke a kan kora kaɗan ne, a yankuna da dama ba su wuce goma ba, kuma koken da ya makara ana iya yar da shi ba tare da an dubi gaskiyarsa ba. Ka cike fom ranar da aka kore ka ko washegari. Ba a nan ake zuba labari ba. Layi uku sun isa: an kore ni ranar kaza ba bisa dalili na adalci ba, an saɓa sashe kaza da duk sashen da ya shafi lamarin, ina neman a maida ni aiki da cikakken albashin baya da duk haƙƙoƙina. Wakili ya sa hannu, manaja ya sa hannu da kwanan wata, ka riƙe kwafinka. Sannan ka buga wa jami'in reshe waya da kanka ka tabbatar takardar ta isa, kada ka ce ai an ce za a kai.

Doka ta tilasta wa kamfani ya ba ƙungiya bayanan da take buƙata don kare koke, saboda haka a nema a rubuce: bidiyon gaba ɗayansa ba guntu ba, hotuna, bayanan na'urar mota na ranar, ƙorafin mai kaya, da littafin duba mota na makonnin baya. Wannan littafin, wanda direbobi ke sa wa hannu safe da yamma kamar ba komai ba, sau da yawa shi ne ceto. Idan karcen da ake magana a kai wani direba ya riga ya rubuta shi wata biyu da suka wuce, ko an fita da motar ranar da kake hutu, ginin tuhumar ya tsage.

Idan gaskiyarka ita ce ba ka ji ka taɓa komai ba, to shari'ar duka a kan sani take, domin ba a ɓoye abin da ba a sani ba. Wanda bai taɓa tuƙa irin motar nan ba bai san ƙarar da ke cikinta ba: kantoci na karkarwa, ƙofar baya na bugawa, kaya na zamewa, ga shi babu tagar baya. A nuna wa kwamiti haka. Bayanan na'ura sun nuna ka taka birki a wurin, ko ka wuce da gudunka na kullum? Ka sake komawa layin da rana tsaka ka ajiye wani kaya, abin da mai gudu ba zai yi ba? A je da ma'auni a gwada tsayin karcen daga ƙasa a kan motoci biyun, a duba launin fentin da ya shafa. Inci huɗu na bambanci ya isa ya sauya magana. Sashe na 6 kuma ya taƙaita hukunta mutum da bayanan na'ura kaɗai, sai in an nuna rashin gaskiya da gangan, kuma yarjejeniyar 2023 ta hana kyamarar da ke kallon direba a cikin mota.

Masu yanke irin wannan hukunci sun daɗe suna amfani da tambayoyi bakwai da wani mai sasanci (wanda ɓangarorin biyu ke amincewa ya yanke hukunci tsakaninsu), Carroll Daugherty, ya jera a 1966 don auna ko kora ta yi adalci. Guda uku ne suka fi amfani a nan. An yi bincike na gaskiya kafin a yanke hukunci, ko an rubuta takardar kora tun kafin a ji ta bakinka? An yi wa kowa daidai, ko akwai wanda ya yi irin wannan bara aka dakatar da shi kwana uku kawai? Hukuncin ya dace da laifin da kuma tarihinka? Tsofaffin wakilai su ne ma'ajiyar amsar tambaya ta biyu, ka zauna da su.

Zaman farko da zaman kwamiti

Zaman farko a cikin gida ake yi: kai, wakili, jami'in reshe, manaja, da jami'in kamfani mai kula da harkar ma'aikata. Da yawan kora a nan suke mutuwa. Tayin da aka saba yi shi ne a maida kora ta zama dakatarwa, kwanakin da ka yi a gida su zama hukuncinka, babu albashin baya. In da gaske ka san ka taɓa kuma ka yi shiru, ra'ayina ka karɓa ka gode wa Allah, kuma ka buɗe baki ka ce na yi kuskure, tsoro ne ya sa, ba zan sake ba. Na ga inda wannan jimla ta yi abin da tarin takardu bai yi ba. In kuwa hannunka tsarkakakke ne, ka yi shawara da jami'in reshe kafin ka ƙi, domin shi ya san halin kwamitin da za ku je gabansa. Ka karanta da kyau duk takardar da ta ce wannan dama ce ta ƙarshe, wasu suna ɗauke maka haƙƙin koke a laifi na gaba.

In ba a daidaita ba sai kwamitin haɗin gwiwa, inda wakilan ƙungiya da na kamfani suke zama adadi ɗaya, kuma ba waɗanda rikicin ya shafa kai tsaye ba. A kan kora kamfani ne ke fara gabatar da hujja, sannan jami'inka, sannan tambayoyi. Za a ba ka dama ka yi magana. Ka sa tufafi masu tsabta, ka zo da wuri, ka yi minti biyu ba ashirin ba. Kada ka zagi manaja, kada ka kawo tsohon rikicin ƙarin lokaci, kada ka katse kowa. Labarinka ya zama shi ne dai wanda ka bayar ranar farko, domin abin da suka fi kamawa shi ne bambanci tsakanin bayani biyu. Hukuncin da rinjaye ya yanke ya ɗaure kowa. Idan ƙuri'a ta yi kunnen doki, maganar ta haura mataki na gaba ko gaban mai sasanci, kuma a nan jira na iya kai watanni.

A tsawon jiran, ka nemi kuɗin rashin aiki na jiha a makon farko ko da kamfani zai ƙalubalanta, hukumar jiha ce ke yanke nata hukuncin. Ka tambayi reshe ranar da inshorar lafiyar iyalinka za ta tsaya. Ka nemi aikin wucin gadi, ka ajiye shaidar nema. Kada ka sa komai a Facebook ko TikTok, har rukunin WhatsApp na 'yan gari, saƙon murya yana tafiya inda ba ka aike shi ba. Kada kuma ka zuga abokan aiki su ajiye aiki dominka. A Fabrairun 2014 direbobi kusan 250 a Maspeth da ke Queens sun fita na minti 90 saboda korar abokinsu, aka ba su duka takardar kora, sai da aka yi makonni ana ja kafin a janye.

Idan ƙungiyar ce ta yi sakaci

Ƙungiya ba dole ta ci kowace shari'a ba, ba dole ma ta kai kowane koke ƙarshe ba. Amma doka ta hana ta yin watsi da kai da gangan, ko don wariya, ko ba tare da ta duba ba. A 1967 kamfanin Anchor Motor Freight ya kori wasu direbobi bisa zargin ƙara kuɗi a rasit ɗin masauki. Suka roƙi ƙungiya ta binciki masaukin, aka ce musu kada su damu, kwamiti ya tabbatar da kora. Daga baya hujja ta fito cewa akawun masaukin ne yake rubuta ƙaramin adadi a littafi yana soke ragowar. A 1976 Kotun Ƙoli ta ce hukuncin kwamiti ba ya rufe ƙofar kotu idan ƙungiya ta gaza haƙƙin wakilci. Wa'adin wannan ƙara, da na kai kuka hukumar ƙwadago ta tarayya, wata shida ne. Idan kuma kana da hujjar cewa addininka ko ƙasarka ta asali ce ta sa aka fi tsananta maka, hukumar daidaito a wurin aiki tana karɓar ƙara cikin kwana 180, a jihohi da yawa har 300. Hatsarin da aka ji rauni kuma aka ce ka gudu, wannan ya wuce wakili, lauya za ka nema tun ranar, balle in takardun zamanka ba su kammala ba.

Yaron nan na Kumasi an maida shi bayan mako bakwai, babu ko sisi na albashin baya. Ranar da ya koma na ce masa kafin ya hau mota ya je ofis da wakili su duba abu huɗu a rubuce: ranar fara aikinsa ba ta motsa ba a jerin shekaru, hanyar da yake raba kaya tana nan a hannunsa, an ci gaba da zuba masa fansho da inshora, da kuma ranar da takardar horon za ta daina aiki a fayil ɗinsa, wadda a yarjejeniyoyi da yawa wata tara ce. Sai kuma ya zagaya motar da suka ba shi da waya a hannu, ya ɗauki hoton kowane karce da loɓawa, ya rubuta su a littafin duba mota kafin ya tada inji. Ya samu guda biyar da ba wanda ya taɓa rubutawa.